Shekarar da Ruwan Bututu Ya Ƙi Sauka

Aikin awon ruwa wahala ne, ba wani abu ba. Na yi haƙar rijiya, na yi dakon taki, na tura kura a kasuwar Ɗambatta, babu wanda ya ci mini gwiwa da mutunci kamar wannan. Ku samarin da kuke zama a gindin ɗorawa kuna cewa Habu Mai Igiya ya samu aikin banza, yana zura igiya a rami ana biyansa, ku nake yi wa wannan rubutu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi. A firamare na tsaya, hannuna ba kyau, amma abin da ke ciki da idona na gan shi.

Asalina mai haƙa rijiyar bututu ne, irin wadda ake ɗaura wa injin ban ruwa a fadama. A wajen kawuna na koya. Ana kafa bututun ƙarfe, a tura masa ruwa da inji, a yi ta ɗagawa ana dokawa har a isa yashi mai ruwa, sannan a zare ƙarfen a zura na roba mai tsage-tsage a gindi. Kawu bai taɓa koya mini komai da baki ba. In na yi daidai ya yi shiru, in na yi kuskure ƙeyata ce take fara samun labari. Da haka na san bambancin yashin da ke da ruwa da wanda ke yaudara.

Wata shekara bayan kaka sai ga wata mata daga Kano a mota, ana kiranta Injiniya Balaraba. Ta sauka a wajen Sarkin Fadamarmu, Alhaji Ɗanlami, ta ce tana neman mutumin da ya san rijiyoyin nan, wanda kuma ba ya tafiya ci-rani. Alhaji ya nuna ni, ba don yana ƙaunata ba, sai don ni kaɗai ne a zaune a lokacin. Ta yi mini bayani a tsaye. Wai a ƙasashe da yawa mutane suna zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa su yi noman rani, kuma su abin da suke so su sani shi ne ruwa nawa ake fitarwa, nawa shuka take sha, nawa yake tafiya a banza. Wai akwai na'ura a sama da take hango koren gona, amma ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, dole sai an samu ɗan Adam ya durƙusa. Ta ce akwai irina a Indiya, akwai a Masar, akwai a ƙasar Sin, duk ana haɗa awonmu wuri ɗaya a gwada. Na tambaye ta shi na Indiyan babur aka ba shi ko keke. Ta ce ba ta sani ba. Ni dai keke aka ba ni.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da muguntarsa. Akwai igiyar awo mai lambobi, a bakinta an ɗaura wani ɗan ƙarfen tagulla mai rami kamar ƙoƙo. Kana zura ta a hankali, kunnenka a bakin bututu, har ka ji ƙarfen ya ce tsulum, to nan ruwa yake. Ku da kuke ganin sauƙi, ku gwada sauraron tsulum alhali inji yana ruri a gonar maƙwabci, jaki yana kuka a bayanka, mai gonar yana tsaye a kanka yana tambaya ko ka ji an ce za a raba taki. Akwai duro da agogo: ka sa tiyon inji a duro ka ga tsawon lokacin da zai cika, da haka ake sanin ƙarfin inji. Akwai ƙarfen ɗebo ƙasa, don a ga inda laima ta tsaya. Sai sikeli na auna amfanin gona ranar cira. Injiniya ta yi ta zuwa tana koya mini har na kama. Ita ba ta dukan ƙeya, kallonka kawai za ta yi ta saman tabarau. Na gwammace na kawu.

Duro na farko da na cika a gonar maƙwabcina Mudi ne. Tun da ya ji za a auna injinsa ya kasa zama, kada a je a faɗa wa mutanen Indiya cewa na Alhaji ya fi nasa ƙarfi. Ina riƙe da tiyo, ina duban agogo, sai ya lallaɓa ya murɗe inji har ƙarshe. Tiyon ya ƙwace kamar maciji, ya dake ni a haɓa, na zauna daɓas a cikin fangalin tattasai. Mudi bai ce sannu ba. Cewa ya yi in rubuta abin da na gani.

Manoma a wannan aiki iri biyu ne. Akwai masu zaton awo kyauta yake kawowa, su sai su ƙara komai. Akwai masu zaton haraji yake kawowa, su sai su rage komai. Mudi duka biyun ne. Ranar duro injinsa ya fi na kowa, ranar sikeli kuma albasarsa ta tafi gaida surukai, sai ɗan abin da ya rage a daro. In da awona na shekarar farko za a bi, Mudi kogi guda yake zubawa ya girbi abin miyar kwana ɗaya. Dole na koyi zuwa ba sallama tun daga nesa, in ɓoye keke a bayan rake. Na kuma koyi abubuwan da ban sani ba duk da a fadamar aka haife ni. Magudanar yashi tana shanye ruwa da yawa kafin ya isa fangali. Ban ruwan tsakar rana, rana ake yi wa. Kuma akwai masu cika fangali har albasa ta zama kamar shinkafa, don kawai kada mai wucewa ya ce suna rowar fetur.

Babban abin aikina shi ne bututun awo. Ni na haƙa shi da hannuna a tsakiyar fadama, kusa da wata kanya. Ba a ɗaura masa inji, ba a shan ruwansa, an shafa masa shuɗin fenti an ɗora masa murfi. Amfaninsa ɗaya: ya nuna inda ruwan ƙasa ya tsaya. Duk mako da sassafe, kafin a tayar da injuna, in je in zura igiya, in faɗa wa Injiniya lambar ta waya. Halinsa sananne ne. Da rani ruwan ya yi ta sauka kaɗan-kaɗan, damina ta zo ya dawo. Haka muka zauna lafiya da shi har muguwar shekara ta zo.

A shekarar damina ta ɗauke da wuri, geron gidana bai kai ko'ina ba. Ga shi kuma bara albasa ta yi daraja, don haka kowa ya sayi inji ya faɗo fadama, har wanzami da mai gyaran rediyo. Ni gonata tana can gefen tudu, rijiyata ce mafi gajarta a wurin. Abincin gidana na shekarar gaba ɗaya yana jikin albasar da na dasa a nan. Ta kama, ta yi kyau, ta fara ɗaura kai, wato daidai lokacin da in ta sha ƙishi ta tafi ke nan. Sai injina ya fara tari. Ya zuƙo ruwa kaɗan, ya tofar da iska, ya yi shiru. Wanda ya haƙa rijiya ya san wannan tarin. Ruwa ne ya yi ƙasa, inji ya kasa kamo shi.

Na je wajen Alhaji Ɗanlami na ce a raba ban ruwa, na gabas yau, na yamma gobe, don ruwan ya riƙa samun hutu yana dawowa. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya tambaye ni abin da igiya ta ce a wannan makon.

To a nan ne matsalar take. Igiya cewa ta yi ruwa ya ƙaru.

Makon farko taƙi ɗaya ya hau. Na ce kunnena ne. Mako na gaba ya hau kamu guda. Na kira Injiniya, ta ce in shanya igiyar in sake. Na sake, haka. Ta tambaya ko an yi ruwan sama, na ce Hajiya, ko tsuntsu bai yi mana fitsari ba. Sai ta tambaya ko ina samun barci sosai kwanan nan. Mako bayan mako ruwan nan yana hawa, injuna suna ruri tun safe har magariba, kanya tana zubar da ganye, shi kuwa bututu yana ta ƙoshi.

Alhaji ya ce mini, "Habu, kai da bakinka ka ce ruwa ya ƙaru. Yaya za ka hana bayin Allah ban ruwa a shekarar albarka? Injinka ne ba shi da lafiya."

Me zan ce? Ni ne mai awon. Na ɗora inji a saman motar haya ranar kasuwar Ɗambatta, na kai wa bakanike. Ya kwance shi kaf, ya hura nan ya goge can, ya haɗa, ya gwada shi a duro. Injin ya watsa ruwa har kan mai tallan rake a tsallaken titi. Na dawo da shi gona, na ja igiya, ya yi tari ya tofar da iska. Na sake mayar da shi, bakanike ya ce in ban bar ɓata masa suna ba zai kai ni wajen hakimi. Mudi ya ce shi a ganinsa injin ba ya son wurin ne, in gwada juya fuskarsa gabas. Kada ku yi dariya, na juya.

Abin haushin kuma, a gari daraja ta ƙaru mini. Ana cewa tun da Habu ya fara zura igiya ruwa yake hawa, hannunsa na da albarka. Mai shayi ya fara ƙara mini madara. Matata Talatu, in na dawo na ce yau ma ya hau, sai ta yi wani murmushi ta sunkuyar da kai, na ɗauka alfahari take da ni. Da safe in auno albarka in aika Kano, da yamma in bi albasata da gwangwani ina ɗiga mata ɗan abin da na samu, ganyenta yana kwantawa ɗaya bayan ɗaya. Na kan tuna takwarana na Indiya in ce ko shi ma haka yake fama.

Ana haka Injiniya ta kira ta ce a duk wuraren da ake awo, namu ne kaɗai ruwa yake hawa ana tsakiyar zuƙarsa, manyanta suna so su gani da ido. Ranar da suka zo ta taho da wani dattijon Bature mai faffaɗar hula, rana ta mayar da shi ja kamar tumatir. Gari ya fito kaf. Alhaji ya sha babbar riga da rawani. Aka kewaye kanya, aka buɗe mini hanya, na taho da igiyata a kafaɗa ina tafiyar ƙasaita. Na ɗaga murfi.

Igiya ba ta yi amfani ba. Ruwa ya zo har baki, yana ma zuba ta gefe. A samansa ga ganyen zogale, ga kuma ɗan kwaɗo mai wutsiya yana iyo abinsa, ko kunya babu.

Injiniya ta durƙusa, ta ɗebo a tafin hannu ta shinshina. Ni ma na shinshina. Ƙamshin sabulun wanki ne. Ta sa aka kawo dogon ƙarfe na haƙa, muka zura har gindi, ya fito da laka baƙa irin ta kududdufi. Lakar ta kwanta ta toshe tsagogin da ruwa yake shiga yana fita, bututun ya daina magana da ruwan ƙasa tun tuni. Ya zama tulu mai dogon wuya kawai. Ta miƙe, ta goge hannu, ta dubi jama'a ta saman tabarau.

"Wa yake ba wa bututuna ruwa?"

Sai Inna Kande, tsohuwar da take kawo wa ma'aikatan gona ɗanwake, ta gyara zaninta ta matso.

"Ni ce, 'yar nan. An ce baƙi daga nesa suna leƙa cikinsa. Ni tun da aka kai ni ɗaki ban taɓa bari baƙo ya buɗe randata ya hango gindinta ba. Na leƙa na ga abu wayam kamar ba mutane a garin. In bar shi haka a je a faɗa a duniya?"

"Ke ma, Inna?" in ji Alhaji Ɗanlami.

Duk aka juya aka dube shi. Ya so ya mayar da maganar, amma ta riga ta fita. Ya yi gyaran murya ya ce shi ba don kansa ya yi ba. Injiniya ce ta taɓa faɗa a taro cewa a wasu ƙasashe in ruwa ya yi ƙasa hukuma takan taƙaita ban ruwa, shi kuwa a matsayinsa na shugaba ba zai zauna a rufe wa jama'arsa fadama ba, shi ya sa yake ɗan taimaka wa bututun da jarka in ya fito duba gona. Bai rufe baki ba Mudi ya fara faɗa. Shi ba kamun da aka yi ne ya dame shi ba. Ashe duk tsawon lokacin nan yana zaton bokitinsa ɗaya tak daga kududdufi ne yake ɗaga ruwan fadama gaba ɗaya, har ya fara tunanin ko yana da wata baiwa da bai sani ba. Daga nan hannaye suka fara tashi. Wanzami. Mai gyaran rediyo. Ladan. Kowa a ɓoye yake zuwa, kowa yana zaton shi kaɗai ne mai kishin gari.

Na tambaya, to sabulun fa? Sai na hango Talatu a cikin mata ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Daga baya ta gaya mini dalilinta: mata suna faɗa a gidan biki cewa in aka rufe fadama, Habu ne ya kai rahoto. Ita ba za a nuna mijinta da baki ba. Ruwan ɗaurayar wanki take aikawa. Ruwan da ni nake ɗaukowa a keke daga famfon bakin titi, in hana albasata in kawo gida.

Baturen, da aka fassara masa, ya yi dariya har sai da ya zauna a kan durona. Injiniya ba ta yi ba. Ta ce in ɗauko igiya. Muka je gonata na zare tiyo, na zura. Igiya ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, kafin can ƙasa mu ji tsulum ɗan siriri. Muka je ta Mudi, haka. Muka je ta Alhaji, wadda ta fi ta kowa zurfi, ita ma saura ƙiris injinsa ya fara irin tarin nawa. Ta nuna masa a jikin igiya, ta ce ita ba ta da ikon rufe fadamar kowa, ba kuma ta zo don haka ba, amma in aka ci gaba a haka ruwan da kansa zai rufe ta kafin a cire albasa. Nan take a gindin kanya Alhaji ya yanke cewa daga gobe a raba ban ruwa, na gabas yau, na yamma gobe, a kuma daina ban ruwan tsakar rana. Ya faɗe shi da murya mai nauyi kamar shi ya ƙirƙiro, har wasu suna cewa Allah ya ƙara wa Sarki basira.

Na ja Injiniya gefe na tambaye ta yaushe ruwa zai dawo gefena. Ta ce zai dawo, amma a hankali yake rarrafowa cikin yashi, sai an yi kwanaki. Na dubi albasata. Ba ta da kwanakin. Ta ce za a haƙa sabon bututu a sa masa murfin ƙarfe da makulli, kuma in ta dawo za ta riƙa duba gefen tudu ma, wajen gonata, tunda nan ne ruwa yake fara gudu. Inna Kande tana kusa tana haɗa kwanukanta, ta ji. Ta ce su sa makulli iya son ransu, ita dai duk ramin da ta ji baƙo zai leƙa a garin nan, in ta same shi a buɗe, ba za ta bar shi ya kunyata mu ba. Aka yi mata dariya. Ni ban yi ba.

To kun ji, samari. Zura igiya ba shi ne aikin ba, wannan ko akuya aka koya wa za ta yi. Aikin shi ne ka auna ruwa a garin da kowa yake ƙaunar ruwan, yake ƙaunar garin, yake kuma ƙaunarka, har su kusa kashe ka da yunwa.

Washegari da safe na ɗauko guntun bututun da ya rage mini tun na haƙar bara, na shafa masa sauran shuɗin fentin nan. Na kafa shi a saman gonata, daidai kan magudanar da take raba ruwa ga fangulan albasa, na yanke gindinsa ta yadda duk abin da aka zuba zai bi magudana ya wuce. Ban sa masa murfi ba. Na koma gida na tsaya a jikin zana, inda maƙwabta suke jin ko tarin mutum, na gaya wa Talatu da ƙarfi cewa baƙi za su dawo duba gefen tudu, ga shi bututun wurin a bushe ƙamas, ni dai ban san inda za mu sa fuskarmu ba. Sannan na koma gona na shimfiɗa buhu a bayan dalbejiya, inda ba a hango ni, na zauna.

Rana ba ta yi zafi ba na ga Inna Kande ta ɓullo da tulu a ka, tana waige-waige. Can bayanta da nisa, ga Alhaji Ɗanlami yana tafe a hankali yana duba sararin sama kamar mai neman hadari, babbar rigarsa ta kumbura ta gefe ɗaya.